Muna Ɗokin Ambaliyar Koriya, Odaw Kuwa Tana Jiranmu



Makonni ke nan tallan wani fim na ƙasar Koriya ta Kudu yana yawo a wayoyin samarinmu, daga Nima zuwa Mamobi, daga Sabon Zango zuwa Madina. Sunansa The Great Flood, wato babbar ambaliya, kuma kamfanin Netflix ya sa ranar Juma'a, 19 ga Disamba 2025, don sakinsa. A tallan ana ganin ruwa ya haɗiye birni yana bin wani dogon bene hawa bayan hawa, ga wata uwa, wadda 'yar wasa Kim Da-mi ta fito a matsayinta, tana ɗauke da ɗanta tana neman sama. Ana ta tura wa juna, ana ƙidayar kwanaki, har waɗanda ba su da kuɗin rajista sun riga sun san a ɗakin wa za a taru.

Ba mu zo hana kowa kallo ba. Wanda ya wuni a rana yana neman halaliyarsa yana da haƙƙin ya huta da dare. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne masu wannan ɗoki su ne mutanen da ke kwana a bakin Gota, waɗanda iyayensu mata ke ɗora katifa a kan teburi duk lokacin da hadari ya haɗu. A ce mai irin wannan makwanci yana ƙidayar kwanakin da za a nuna masa ruwan ƙarya, amma bai taɓa ƙidaya watannin da suka rage kafin na gaskiya ya sauko ba, wannan abin a tsaya a duba ne.

Irin waɗannan finafinai suna da wata rarrashi a cikinsu, kuma ita muke ƙi. Ambaliyar fim ba ta da mai laifi. Tana zuwa kamar tashin duniya, babu katangar da za ta tare ta, babu ma'aikacin da za a tambaya ina kuɗin aiki suka shiga. Mai kallo yana tashi da zato biyu: cewa ruwa ya fi ƙarfin dabarar ɗan Adam, kuma cewa mai ƙarfin ƙafa ne ke tsira. Duka biyun ba su dace da garin nan ba. Ruwan da ke kashe mutane a Accra bai taɓa kai hawa na goma ba. Sau da yawa iyakarsa ƙirji ko wuya. An san watanninsa, Mayu da Yuni da farkon Yuli, an san hanyarsa, an san unguwannin da yake sauka kamar baƙon da ya saba: Alajo, Avenor, Adabraka, Kaneshie, Circle. A fim ana gudu a hau bene. A ɗakin haya na langa-langa a Alajo, wane bene za a hau?

Mu tsaya a ƙasar masu fim ɗin tukuna, domin labarinsu na zahiri ya fi wanda suke sayar mana amfani.

A shekarar 2019 wani ɗan ƙasar mai suna Bong Joon-ho ya fitar da fim ɗin Parasite. A cikinsa akwai iyali matalauta da ke zaune a irin ɗakunan da ake kira banjiha a birnin Seoul, ɗakunan da rabinsu ke cikin ƙasa, tagarsu daidai da ƙafar mai wucewa. An nuna daren da ruwa ya cika musu ɗaki har najasa na tasowa daga masai. Duniya ta yi tafi, a farkon 2020 fim ɗin ya ci babbar lambar Oscar a Amurka. Shekara biyu da rabi bayan tafin, a daren 8 ga Agusta 2022, aka yi ruwan da a gundumar Dongjak ya kai milimita 141.5 cikin sa'a guda. A unguwar Sillim, mata biyu 'yan'uwan juna da yarinya 'yar shekara 13 suka rasu a cikin irin wannan ɗaki, ruwa ya danne ƙofa ya hana ta buɗuwa. Miliyoyin mutane sun ga ɗakin a allo, sun ji tausayi, sun koma harkokinsu. Tausayin bai buɗe ƙofar ba.

A wannan dare kuma, a wannan birni, akwai yankin da ya saba nutsewa amma ya kwana da sauƙi, wato Sinwol, a gundumar Yangcheon. Dalili shi ne wani rami da aka haƙa kimanin mita 40 a ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa mita 10, tsawonsa kilomita 4.7, yana iya riƙe tan 320,000 na ruwan sama har hadari ya wuce, sannan a tura shi rafi da injuna. An gama shi a 2020. Bayan ambaliyar 2011 hukumar birnin ta yi niyyar yin irinsa a wurare bakwai, sai shugabanci ya sauya hannu, aka yi ɗaya aka jingine sauran. Gangnam, unguwar masu kuɗi, tana cikin waɗanda aka jingine, kuma a daren nan motocin alfarma sun yi iyo a titunanta. Sai bayan an yi jana'iza aka dawo da maganar ramukan Gangnam da Gwanghwamun da Dorimcheon. Wannan rami na Sinwol ba shi da talla, babu wanda ke tura hotonsa a waya.

To mu dawo gida. Duk wanda ya kai shekara ashirin a garin nan ya san inda yake a daren Laraba, 3 ga Yuni 2015. Mutane sun fake wa ruwa a gidan mai na Circle, fetur ya malala a kan ambaliya, wuta ta tashi, rayuka fiye da 150 suka salwanta. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Ruwa da wuta a wuri guda, babu mai shirya fim da zai tsara abin da ya fi wannan muni. Mun gani da idonmu, ba mu biya ko kwabo ba. Shekara goma ke nan. Me ya sauya a hanyar da ruwan ya bi?

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Odaw tana gangarowa daga wajen tsaunukan Akwapim, ta bi Achimota, ta ratsa Alajo da Avenor, ta wuce Circle da Agbogbloshie, ta faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Gotarmu, wadda ta taso daga wajen Kawo Kuɗi ta ratsa Mamobi da Nima, a cikinta take zubewa. Idan yashi da leda suka cike cikin Odaw, ruwan da ke bayansa ba shi da inda za shi sai ya koma baya ya nemi ƙofar gida. Ilimin bai wuce haka ba, yaron makarantar allo ma zai gane shi in aka zuba masa ruwa a toshasshiyar buta.

Maganar kuɗi kuwa, an ranto. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin da ake kira GARID, wanda aka ce zai yashe Odaw, ya yi tafkunan tare ruwa a sama, ya gyara magudanai, ya kuma inganta unguwannin Nima da Akweteyman da Alogboshie. Da annobar korona ta zo aka karkatar da wani kaso mai tsoka zuwa can, a 2023 aka ƙara dala miliyan 150. Sunan Nima yana cikin takardar bashin nan, 'ya'yanmu da jikokinmu na cikin masu biyansa. Amma samari nawa ne a cikin masu haddace sunayen 'yan wasan Koriya suka san sunan shirin? Nawa ne suka taɓa tare wakilin unguwa suka ce masa: ranka ya daɗe, wane ɓangare aka gama, wane ne ya rage, yaushe za a gama? Shirun da muke yi ya fi komai yi wa malalacin ɗan kwangila daɗi.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta a zaman makoki: ƙaddara ce, ruwa na Allah ne. Gaskiya ne ruwa na Allah ne, kuma babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma ku zo mu buɗe tarihin da muka karanta a zaure. A shekara ta 17 bayan Hijira ambaliya ta shiga Masallacin Harami a Makka, ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga mazauninsa ta kai shi ƙasan gari. Ana kiranta ambaliyar Ummu Nahshal, da sunan matar da ta rasu a ciki. Da labari ya isa Madina, Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taso da kansa, ya mayar da Maƙamin wurinsa, sannan ya sa aka gina shinge na manyan duwatsu a saman gari don karkatar da ruwa. A Ɗakin Allah ke nan, a hannun mutumin da ya fi mu sanin ma'anar ƙaddara nesa ba kusa ba. Bai ga cewa ɗaukar dutse ya rage masa tawakkali ba. Wanda ya zuba shara a kwata da hannunsa, sannan ya ɗaga hannun nan ya ce Allah ne Ya kawo, ya kamata ya ji kunyar abin da yake jingina wa Ubangijinsa.

E, mun faɗa, kuma ba za mu janye ba: da hannunmu a ciki. Mun san gidajen da ke jiran a fara yayyafi su aiki yaro da bokitin shara ya juye a Gota, wai ruwa zai tafi da ita, don kada a biya mai aboboya 'yan sidi kaɗan. Ruwa yana tafiya da ita, ya kai ta Circle, ya toshe gada, ya dawo da ita ɗakin wani. Mun san masu gidajen haya da suka ci bakin kwata suka ƙara ɗaki ɗaya, suka sa bako a ciki, su kuma suna kwana a tudu. Abin takaici ma, kakanninmu sun bar mana gargaɗi a cikin sunayen unguwanni. Wane Bahaushe ne bai san ma'anar fadama ba? Fadama makwancin ruwa ce, wurin shuka shinkafa da rake. Mu ne kaɗai a garin nan da ba ma bukatar injiniya ya fassara mana wannan suna.

Sai dai kada hukuma ta ji wannan ta gyara zama. Shekaru ana nuna mu da yatsa, ana cewa 'yan Zango ne ƙazamai, kamar da mu kaɗai aka yi birnin. Mutum yana zuba shara a kwata ne sau da yawa don akwatin bolar unguwarsu ya cika ya tumbatsa mako guda ba a ɗauke ba. Bayan musibar 2015, ba a yi wata guda ba katafila ta sauka a Tsohuwar Fadama ta rushe bukkokin talakawa, akasarinsu 'yan Arewa, masu dako da 'yan kaya. Su kuwa gidajen da suka mamaye dausayin Sakumo da na bakin Densu, wuraren da doka ta keɓe don ruwa ya samu inda zai kwanta, ba 'yan kaya ne suka gina su ba, kuma ba a gina su cikin dare ɗaya ba. Wani ne ya sayar da filin, wani ya sa hannu, wani ya kau da kai. Idan ruwa ya yi ɓarna sai a zo da katifu da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto. Muna karɓa, muna godiya, domin mai jiƙaƙƙen ɗaki ba ya ƙin katifa. Amma ihu bayan hari ne, kuma kuɗin katifun shekara goma da sun yashe kwata mai tsawo.

Fim ɗin zai fito ne a tsakiyar hunturu, lokacin da Gota ta janye, cikinta ya bayyana, ana ganin kowace leda da kowane tudun yashi. Wannan ne kaɗai lokacin da aikin ke yiwuwa, kuma shi ne lokacin da muka fi mantuwa. Azumi zai kama a Fabrairu, ƙarfi zai ragu. Babbar Sallah za ta faɗo a ƙarshen Mayu, a cikin damina sosai, ga kayan ciki da ƙashin dabbobin layya da muka san inda ake zubar da su. Kwanakin aiki na gaskiya, in aka ƙidaya, ba su fi waɗanda samari suka ƙidaya wa fim ba da yawa.

Don haka muna kira ga sarakunan Zango da limamai da magajiyoyi da shugabannin samari. A ware huɗubar Juma'a guda kafin azumi a kan haƙƙin maƙwabcin da ke ƙasan kwata. A kira wakilan unguwa da 'yan majalisar Ayawaso su zo gaban jama'a da takarda a hannu, su karanta abin da aka gama na aikin magudanar Nima da abin da ya rage, da ranar da injin yashe Odaw zai shiga ruwa, a rubuta ranar a bangon masallaci inda kowa zai gani. Kowane layi ya san mai gidan da ya ci bakin kwata, dattawa su same shi tun yanzu, kafin katafila ta same shi. Samarin da za su taru daren Juma'ar nan don kallo kuwa, mun san ɗakunan da za a taru, mun san iyayenku. Gari na wayewa Asabar ce. Shebur da baro suna ƙofar gidan mai unguwa, za a fara daga gadar kasuwa bayan sallar asuba.