Nasiha Ga 'Yan Hatsi Da Dillalai Game Da Tsofaffin Motocin Shiga Ƙauye

 

Ya ku 'yan'uwana 'yan kasuwa da dillalai, a wannan shafi mun saba duba kuɗin buhun gero da dawa da masara da wake. Yau ina so mu duba abin da ke ɗauko buhun daga ƙauye, watau tsofaffin motocin nan masu shiga yashi da taɓo. Ra'ayina shi ne mu 'yan hatsi muna cikin masu kashe motocin nan da hannunmu, sa'an nan mu dawo muna kukan tsadar kuɗin mota. Kada wani ya ce ni ba ni da mota, ba ruwana. Duk wanda ya taɓa ɗora buhunsa a bodin motar wani, to da ruwansa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata damina, cikin marka, na sayi masara ta rumbu a wani ƙauye, na yi jinga da mai wata tsohuwar gingimari. Direba ya ce mini, "Alhaji, buhu 50 za ta ɗauka, hanyar nan akwai fadama." Na ƙi, ɗan kamasho ya goya mini baya, muka danna mata 80. Ashe kwana biyu kafin nan maigidan motar ya sa mata filtar gas mai araha, man kuma a bakin hanya aka saya cikin jarka. Muna tsakiyar fadama inji ya fara tari, ya mutu. Da aka matsa da turi da ja, sifirin na baya ya karye saboda nauyi. Kwana uku mota na zaune, ruwa na dukan tamfol mai huji. Masarar da ke ƙasa ta jiƙe, wata ta yi funfuna, wata har ta fara tsiro. Abin da na so in rage a kuɗin sawu na biyu, wallahi na yi hasarar ninkinsa goma. Garin neman gira na rasa ido. Laifin kuwa kashi uku ne: nawa, da na mai mota, da na wanda ya sayar da jabu ya kira shi gangariya.

To mu san motar tukuna. Marsandin nan mai guntun hanci da ake kira 911, da yayarta 1113, lambar da ke jikinsu ba ado ba ce. A 911, lamba 9 tana nufin tan 9, kuma nauyin motar kanta yana ciki, 11 kuwa ƙarfin doki 110 ne. A 1113, tan 11 ne da ƙarfin doki 130. In ka cire nauyin mota da bodi daga tan 9, abin da ya rage wa lodi kusan tan 5 ne, watau buhu 50 in buhu mai kilo 100 ne. Ka ji inda direban nan ya samo lissafinsa. Wadda aka rubuta mata LA gaban lambar ita ce mai ja da ƙafa huɗu. Yawancinsu injin OM 352 ke cikinsu, mai silinda 6, wanda ya fito tun 1964. Wajen 1980 ana haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Badun, fijo kuwa tun 1975 a Kaduna. Waɗancan samfura an daina yin su. Abin da ya rage a hannunmu shi ke nan, in ta mutu ba sabuwarta a kanti.

Na san akwai masu cewa a sayar da tsofaffin nan wa 'yan gwangwan a sayi sababbi. Suna da gaskiya ta wani gefe. A kan kwalta, daga Dawanau zuwa Ikko ko Fatakwal, babbar tirela ta fi, ba musu. Amma tirela ba ta shiga kasuwar ƙauye cikin Agusta. Kuma sabon injin gas na zamani kwamfuta ke ba shi mai, ba ya jure gas mai datti ko kaɗan, in ya tsaya sai an kira mai na'ura daga birni. Tsohon inji kuwa bakanike na gefen tasha, da sifana da jak, zai iya tashinsa. Ga shi tun da Naira ta faɗi a 2023 kuɗin kowane ƙarfe da ake shigowa da shi ya yi sama. Wa ke da kuɗin sabuwa cikin masu jigilar ƙauye? Saboda haka riƙon tsohuwa da kyau shi ne mafita.

Abu na farko shi ne gas. Ran injin nan yana ga famfon injekta da nozul, su kuwa gas ɗin da ke bi ta cikinsu shi ne maiƙonsu. In ruwa ya shiga sai tsatsa, in an haɗa gas da kananzir sai maiƙo ya ragu ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. In dole ta sa ka sayi na duro, bar shi ya kwana ya kwanta, ka ɗiba daga sama, ka tace, kada ka kwashe har gindi. Filtar gas kuwa ita ce mai gadin ƙofa. Duk kayan mota ba inda araha ta fi cuta kamar nan, domin kuɗin gyaran famfo guda ya sayi filta mai kyau ta shekaru.

Na biyu iska. Da hunturu ƙura na shiga ko'ina. In filtar iskarka irin ta da ce mai kwanon baƙin mai a ƙasa, a riƙa wanke ta ana sake man. In ta takarda ce, a kakkaɓe a hankali, in ta huje a jefar. Ƙurar da ta wuce filta ita ke cinye ringi da silinda kamar yadda ƙwaro ke cinye wake, ba ka gani sai ta gama.

Na uku zafi. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana toshe lagireto, gara ruwa mai tsabta. A duba fambel da tiyo da murfin lagireto kowace safiya kafin a tashi. In inji ya yi zafi har yana tururi, kada a buɗe murfi nan take, ya sha ƙona fuskar yaran mota, kuma kada a sheƙa masa ruwan sanyi, kan inji na iya tsagewa. A tsaya ya huce, haƙurin sa'a guda ne.

Hayaƙi ma magana yake yi ga mai lura. Baƙi, gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a duba filtar iska da nozul. Shuɗi, inji na shan baƙin mai, ringi sun gaji. Fari wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ko ruwa na shiga ta gaskit, ko gas ba ya ƙonewa daidai. Kai mai kaya, kafin ka yi jinga, ka ce a tashi motar a gabanka ka dubi salansa. Ba sai ka zama bakanike ba.

Na huɗu, al'amarin ƙafa huɗu. Giyar da ke haɗa gaba da baya ta yashi da taɓo ce. In an hau kwalta a cire ta, domin a kan busasshiyar hanya tayoyi ba su da wurin zamewa, sai ƙarafan ciki su murɗe. Tayoyin gaba da na baya su zama girma ɗaya. In an ƙetare rafi, a tattaka birki kaɗan kaɗan ya bushe kafin a yi gudu, in an sauka kuma a duba man giya da na aksul. In ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, a zubar a sake, a sa giris inda ya kamata. Masu ƙananan motoci irin Hilux mai injin 3L ko 5L, da Land Cruiser mai 1HZ, su tuna injinsu da bel yake tafiyar da bawul, ana sake shi wajen kilomita 100,000. In ya tsinke mota na tafiya, fistin ya haɗu da bawul, gyara ya zama babba. OM 352 ba shi da wannan bel, haƙoran ƙarfe ne.

To sai kayan gyara, inda rigimar take. A kasuwa kaya iri uku ne. Akwai sabo na asali, akwai ɗan Kwatano da aka ciro daga wata mota, akwai sabo na kwaikwayo. Na kwaikwayon ma daraja daraja ne, wani yana aiki, wani kwali ne kawai mai kyau. A ganina filta da ringi da gaskit da boris da bel da kayan birki, duk abin da ke gajiya da aiki, a sayi sabo mai kyau. Manyan ƙarafa irin su giyabos da aksul da kan inji, ɗan Kwatano mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. In za ka Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko za ka aika Ladipo a Ikko ko Nnewi, tafi da tsohon a hannu, ko ka kwafi lambar da ke jikinsa, domin "irin sa ne" ta sha mayar da mutum kasuwa sau biyu. In inji guda za ka saya, a tashe shi da sanyinsa a gabanka, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana furzar da hayaƙi, a duba man ko ya gauraya da ruwa, a rubuta lambar injin a rasit domin gudun kayan sata. Tafi da bakanikenka, ka biya shi ladansa a fili, kada ya nemi nasa ta bayan fage wurin mai kanti.

Ku kuma 'yan'uwa masu sayar da kayan mota, ku dubi yadda muke yi. Mai saye yakan soka ƙarfe a buhu ya ga ƙwaya, mu kuma mukan ce wannan ta bana ce, wannan ta bara ce, kowace da kuɗinta. Ba a soka filta a ga cikinta, amana ce kawai. Ba laifi ba ne ka sayar da mai araha, laifin shi ne ka sa masa sunan da ba nasa ba. Mun karanta a babin ciniki cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in aibin ya bayyana. Hukuncin da ya hau mai zuba tsakuwa a gero shi ya hau mai sa jabu a kwalin gangariya.

Mu ma kada mu tsame kanmu. Ɗan kamasho a kan buhu yake samu, shi ya sa kullum bakinsa "ƙara goma, za ta ɗauka." Mu masu kaya muna matse kuɗin mota har mai ita ba ya samun na filta mai kyau, gobe ta lalace da kayanmu a kai. Shawarata ita ce shugabannin 'yan hatsi da na direbobi a kowace tasha su zauna su yanka wa kowace irin mota adadin buhunta, na rani dabam na damina dabam, wanda ya ƙetare kada a yi masa sulhu in hasara ta faɗo. Mai mota kuma ya ware wani abu daga kowane sawu ya ajiye na gyara, ya yi babban gyaransa da bazara kafin ruwa ya sauka, ba sai kaka ta zo lodi na jira ba.

Amma fa akwai ranar da ake haƙura. In shasi ya tsage an yi walda ya sake tsagewa, ko birki ya zama sai an buga sau uku, ko sitiyari na rawa, to wannan ba batun hatsi ba ne kuma, batun rai ne, domin a kan lodin nan yaran mota da masu dako ke zama. A ajiye ta a sayar da kayanta su rayar da wata.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a cinikinmu, ya raba mu da cin haƙƙin juna, amin.

Haza wassalam. Daga ɗan'uwanku mai sayar da hatsi.