"An Zuga Ni" Ba Hujja Ba Ce Gobe Kiyama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon tsira da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, duk wanda ya yi darasin adabin Turanci a sakandare zai iya tuna wasan kwaikwayon nan na Makbet, wanda Shekisfiya, marubucin Ingila, ya rubuta wajen shekarar 1606. Wani zai ce, me ya haɗa mu da littafin Bature? Amsa ita ce, hikima ɓataccen kayan mumini ce, inda duk ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita. Cutar da wasan ya bayyana kuwa tana nan tana cin samarinmu.

Makbet jarumin yaƙi ne a ƙasar Sikotilan, amintaccen Sarki Dankan. Yana dawowa daga fagen fama sai wasu bokaye mata 3 suka tare shi, suka ce masa zai zama sarki. Da matarsa ta ji, sai ta tasa shi gaba. A daren da Sarki ya sauka gidansa baƙunci, Makbet da kansa ya lissafa dalilan da suka hana shi taɓa shi: ɗan'uwansa ne, shugabansa ne, kuma baƙonsa ne. Har ya ce ya fasa. Sai matar ta goranta masa, wai shi ba namiji ba ne. Nan take ya koma kan ƙudurinsa, cikin dare ya kashe baƙonsa yana barci.

To, laifin wa? Da yawa sukan ce na bokayen ne, ko na matar. Amma a lura, abokinsa Banko yana tsaye a wurin, kuma shi ma an ce masa zuriyarsa za ta yi mulki, bai zare wuƙa ba. Bokayen ba su ce a kashe kowa ba. Sun dai taɓo abin da ke kwance a zuciyar Makbet, wato kwaɗayin mulki. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan shi ne abin da Allah Ta'ala Ya ba mu labari a Suratu Ibrahim, aya ta 22, cewa ranar hisabi Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa, ya nuna musu ba shi da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa, don haka su zargi kawunansu.

Inda ya fi shafar mu shi ne abin da ya biyo baya. Da Makbet ya hau gado, sai wanda aka zuga ya koma mai zugawa. Ya nemo wasu mutum 2 da duniya ta juya wa baya, ya cusa musu cewa Banko ne sanadin wahalarsu, ya tura su suka kashe shi. Daga nan ya aika aka hallaka matar Makdaf da 'ya'yansa, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Bai nemi malamai ko dattawa don wannan aiki ba. Waɗanda talauci ya fusata ya nema.

Ashe ba haka ake yi da mu ba? Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai a neme ka da 'yan kuɗin shan mai da kwalbar maye, a nuna maka wani talaka ɗan'uwanka a ce shi ne abokin gaba. A Kano a kira ka ɗan daba, a Bauchi sara-suka, a Gombe ɗan kalare. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 an kashe mutane fiye da 800 a Arewa cikin kwana 3. 'Ya'yan wa suka mutu, 'ya'yan wa suka yi kisan? Haka kuma wanda ke kai wa 'yan bindiga rahoton maƙwabcinsa, ya ce babu ce ta sa shi. Talauci gaskiya ne, kuma azzaluman da suka jawo shi za su amsa tambaya. Amma wanda ya tura yana da nasa kundi, wanda ya aikata ma yana da nasa.

Kada kuma mu ɗauka cewa shiga harkar addini ya sa mun tsira. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son sarauta da tara dukiya ya shiga cikin wasu daga jama'ar Shehu, har ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kafin ya komo. In har wannan cuta ta iya kutsawa cikin waccan jama'a, wane ne mu? Ɗan'uwa ya binciki kansa: don Allah nake wannan aiki, ko don a ce da ni shugaba?

Ƙarshen Makbet kuwa, matarsa ta koma yawo cikin barci tana wanke hannu daga jinin da ba ya fita, har ta mutu. Shi kuma alkawuran bokaye suka tashi a tutar babu, Makdaf ya sare kansa. Ba bokan da ya zo ya tare masa.

Saboda haka, ya samarin Kebbe da Tambuwal, duk wanda ya kira ka wani aiki, ko ɗan siyasa ne ko mai rawani, ka auna shi da Littafi da Sunna kafin ka ɗaga ƙafa. In ya ce maka kai ba namiji ba ne, ka sani namiji shi ne wanda ya mallaki kansa.

Allah Ya tsare mu da sharrin kawunanmu, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ɗan'uwanku a Kebbe