Wa Ya Yanke Hukuncin Cewa Maganaɗisu Na 'Yan Koyo Ne?

A watan Mayun 2018 kamfanin Shure na jihar Illinois ta Amurka ya sanar da cewa ya daina ƙera kan allurar garmaho, a daidai lokacin da kasuwar faifai ke sake farfaɗowa. Shekara huɗu bayan haka, a 2022, yawan fayafayan da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Sababbin masu saye suka shigo suka tarar da wata aƙida an riga an shimfiɗa musu ita a shaguna da mujallun kayan sauti: wai kan allura mai motsa maganaɗisu na mai koyo ne, wanda ya san daɗin kiɗa kuwa sai ya haura zuwa mai motsa naɗin waya. Wannan aƙida ta fi kama da dabarar ɗan kasuwa fiye da hukuncin injiniya, kuma fayafayan mutane ne ke biyan kuɗinta.

Kan allura shi ne ɗan ƙaramin akwatin da ke maƙale a ƙarshen hannun garmaho. A ƙasansa akwai tsinke siriri, a bakin tsinken akwai ƙwayar lu'ulu'u da ke bin tsagar faifai tana karkarwa. Aikin akwatin shi ne ya mayar da karkarwar nan lantarki, kuma hanya uku ce ta shahara. A nau'in da ake rubuta wa MM, ɗan maganaɗisu ne ke manne da tsinken, yana rawa a tsakanin naɗin waya da ke tsaye. A nau'in MI, maganaɗisu da naɗin waya duk a tsaye suke, wani ɗan guntun ƙarfe ne kawai ke motsi. A nau'in MC kuwa, naɗin wayar ne ke bisa tsinken, maganaɗisu na kafe a gefe.

Masu ɗaukaka MC suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Naɗin waya ɗan kaɗan ba shi da nauyi, saboda haka allura na iya juyawa da sauri a inda tsaga ta yi lanƙwasa mai tsanani, kuma irin wayar da aka haɗa shi da ita ba ta cika sauya muryarsa ba. Denon DL-103, wanda aka ƙera tare da gidan rediyon NHK na Japan a farkon shekarun 1960, har yau ana yin sa, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Sai dai hujjar rashin nauyi ba ta tsaya ga MC kaɗai ba. Abin da tsarin MI ke yi ke nan: a sauke wa tsinke kaya, a bar masa ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba. Joseph Grado, mai gyaran agogo na unguwar Brooklyn da ya kafa kamfaninsa a 1953, shi ake danganta wa ƙirƙiro MC na sitiriyo, amma kamfanin nasa da MI ya yi suna. Mutumin da ya san abin tun daga tushensa bai ɗauke shi ƙarshen zance ba.

A dubi abin da injiniyoyin wancan zamani suka sa a gaba. Shure ya fito da V15 a 1964, ya yi ta gyara shi: na uku a 1973, na huɗu a 1978, na biyar a 1982. Abin da suke nema shi ne allura ta zauna daram cikin tsaga, komai ƙarfin kiɗan, da nauyin da bai wuce giram ɗaya ko ɗaya da kwata ba. DL-103 kuwa giram biyu da rabi yake so. Stanton 681, wanda MI ne, ya yi shekaru yana aiki a gidajen rediyo, inda faifai ke juyawa dare da rana kuma ba a yarda da kayan ado marasa juriya ba. Lokacin da JVC ya fito da faifai mai murya huɗu a farkon shekarun 1970, ana buƙatar allurar da za ta karanta karkarwa sama da 30,000 a daƙiƙa guda, injiniyansu Norio Shibata ya sassaƙa sabon bakin lu'ulu'u, kuma kawunan maganaɗisu da yawa sun ɗauki wannan aiki. Abin da ya yi wannan shekara hamsin da suka wuce shi ne yau ake kira kayan yara.

To, daga ina baƙin jinin ya fito? Wani kaso daga sakaci ne wajen haɗi. Kan MM na da naɗin waya mai yawa, saboda haka muryarsa na sauyawa gwargwadon wayar da ta kai shi ga amfilifaya. Shure ya nemi fikofarad 400 zuwa 500 don V15 na uku, Audio-Technica kan nemi 100 zuwa 200. Wanda bai kula da wannan ba zai ji sauti ya dushe ko ya yi kaifi kamar ana goga kwano, sai ya ɗora laifin kan maganaɗisu. Haka batun hannu: tsofaffin kawunan nan robarsu mai laushi ce, an yi su ne don hannu marar nauyi. In aka ɗaura su a hannu mai nauyi, sai su yi ta lilo a duk inda faifai ya ɗan kumbura. Doki ne aka ɗaura wa amalanken shanu, sannan aka ce ba ya gudu.

Sauran kason kuwa kuɗi ne. Kan MM ko MI na ba da milibolt 3 zuwa 5, kusan duk tsohuwar amfilifaya mai wurin garmaho za ta karɓe shi kai tsaye. Yawancin MC ba sa wuce rabin milibolt, dole a sayi taransifoma ko wata na'ura ta musamman a tsakani. Mai shago ya sayar da abu biyu ke nan. Ga kuma MC mai jikin dutse ko itace mai daraja, irin na Koetsu, da ake sayarwa dubban daloli. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a kasuwar da ado ya zama rabin haja, abin da ya yi aiki da kyau a kan kuɗi kaɗan sai ya zama abin kunya.

Babban lahanin yana wurin da ba a cika ambato ba. Lu'ulu'u na cinyewa, galibi tsakanin awa 500 zuwa 1,000 na juyi, ya danganta da sassaƙarsa da tsabtar faifai. Mai MM ko yawancin MI zai zare tsohuwar allura da yatsa biyu ya cusa sabuwa cikin minti ɗaya. Mai MC sai ya kwance kan gaba ɗaya, ya aika wa kamfani ko gwanin gyara, ya jira makonni, ya biya kaso mai tsoka na kuɗin sabo. Ɗan Adam kuwa in gyara ya yi tsada sai ya yi ta jinkiri. Allurar da ta cinye ta zama kurfi, tana sassaƙe bangon tsaga a kowane zagaye, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Wanda ya gaji faifan Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos a akwatin mahaifinsa, a wurin da mai gyaran MC mafi kusa yake ƙetaren teku, shi ya fi kowa sanin me ake nufi: babu shagon da zai sake buga masa wani.

Sai dai masu cinikin tsofaffin kaya su ma ba za su tsira daga wannan zargi ba. Sun kama karin maganar nan cewa da tsohuwar zuma ake magani, suna sayar da allura 'yar shekara arba'in a farashin zinariya don kawai ba a taɓa buɗe kwalinta ba. Roba ba zuma ba ce. Ɗan zoben robar da ke riƙe da tsinke yakan bushe ko ya saki ko da ba a taɓa amfani da shi ba, zafi kuma na ƙara masa sauri. Jikin kan, wato naɗin waya da ƙarfensa, shi ne ke daɗewa. A nan ma tsarin MM ne ya ceci kansa, domin robar da tsinken da lu'ulu'un duk suna fita tare. Kamfanin JICO na Japan har yanzu yana ƙera sababbin allurai da suka dace da V15 da wasu ɗaruruwan kawuna da masu su suka daɗe da barin sana'ar. Jikin da aka ƙera a 1973, in naɗin wayarsa bai tsinke ba, ana iya cusa masa allurar da aka sassaƙa bana, a auna masa giram ɗaya da kwata, a sauke shi kan faifai.