Bel ɗin roba a ƙasar jar akuya

Wani matashi nan Madarunfa ya nuna mini hoto a waya: Bature ɗan wasan golf, da bel ɗin fata mai sheƙi. Irinsa yake so. Ya tafi Jibiya ya sayo na roba mai ƙaton tambari. Sati uku, ya ɓare kamar albasa.

Haba samari! Fatar jar akuyar Maradi har Turai ake nemanta saboda laushi da ƙarko. Mu sayar da ita ɗanya, mu sayo roba? Ga badukun unguwarku zaune babu ciniki. Ku kai mishi awon ƙugunku, ku zaɓi kala da kanku. In ɗinki ya kwance, kun san ƙofarshi. Na Jibiya fa, wa za ku kama?