Dukanci Ba Sai An Gada Ba

Jama'a, mun ji wasu iyaye a nan Hyattsville suna hana 'ya'yansu koyon dukanci ran hutu, wai ba gadon gidansu ba ne. To, mu dai ba mu yarda ba. Gafakar Alƙur'anin Liman ta yage tun bara, duk cikinmu an rasa mai ɗinke ta, sai dai a aika Kumasi.

Yaro ya fara da ɗan alabe. Basilla da wuƙa da zare sun ishe shi. Amma fa a duba fata kafin a saya, don a Amurka akan sayar da ta alade. Alamarta ƙananan huji uku-uku, kamar duwatsun murhu. Mu mun fi son jar fatar akuyar Sakkwato, jimar bagaruwa, wadda Turawan Ingila suka daɗe suna yi wa littattafai bango da ita.