A Ba Sabon Birni Ƙofarta a Gidan Intanet na Jiha

Duk wanda ya san babban gida na gargajiya ya san yadda ake fitar da sashe: ƙofar gida ɗaya ce, sunan maigida ɗaya, amma kowane magidanci da nasa shigifar. Haka reshen adireshi yake a intanet. Gwamnatin Jihar Sakkwato tana da sokotostate.gov.ng. A ƙarƙashinsa za a iya fitar da reshe ga kowace ƙaramar hukuma daga cikin 23, a sa sunan Sabon Birni ko na Isa a gaba, sai ɗigo, sai sunan jiha.

Aikin ba ya buƙatar kwangila. Mai kula da adireshin jiha zai buɗe rajistar sunaye da ake kira DNS, ya ƙara layi guda da ke nuna kwamfutar da za ta ɗauki shafin. Ba a sayen sabon suna, kuma takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce. Ana ma iya miƙa wa ƙaramar hukuma ragamar reshenta kacokan.

To me ya sa sanarwar hukuma take yawo a Facebook da WhatsApp, a shafin hadimin shugaba, wanda zai tafi da mabuɗinsa ranar da wa'adi ya ƙare? A nan 'yan damfara suke cin kasuwa da shafukan bogi na ɗaukar aiki da rabon tallafi. Adireshin .gov.ng yana ƙarƙashin kulawar hukumar NITDA, ba a sayar wa kowa da kowa, don haka reshensa shaida ne.

Masu jan ƙafa za su ce ina sabis a yankin da aka katse layukan waya a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga? Ai wannan hujja ce a kansu. Gobirawan da suka yi hijira zuwa Sakkwato da yankin Maraɗi su ne suka fi bukatar wuri guda amintacce da za su duba halin da gida yake ciki.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda ya nemi kuɗinsa a hannunsa, wajibi ne ya nuna inda suka shiga: kasafi, kwangiloli, albashi.

Sharaɗi ɗaya ne: kulawa. Reshen da aka bari yana nuni ga ma'ajiyar da aka daina biya, wani na iya karɓe shi ya yi ƙarya da sunan gwamnati. A damƙa mabuɗin ga ofis, a rubuta shi cikin takardun miƙa mulki, a goge reshen da aka daina amfani da shi. Kansilolin Sabon Birni da Isa su gabatar da wannan buƙata a zamansu na gaba.