Kirfa Ba Ta Maye Gurbin Ƙwayar Asibiti



Yau da ɓacin rai nake rubutu. Babana ya fi shekara 20 yana sayar da kayan ƙamshi a kasuwar Wuse, citta, kanumfari, masoro, har da kirfa. Shekara shida ke nan yana fama da ciwon sukari. Watan jiya wani mai magani, irin masu ɗora lasifika a kan mota a Nyanya, ya ce masa ya ajiye ƙwayar asibiti ya riƙa shan garin kirfa cokali biyu safe da yamma. Baba ya jingine metformin ɗinsa. Ba a yi sati uku ba sai fitsari ya hana shi barci, ido ya fara hazo, muka kwashe shi sai asibiti. Mai kirfa a buhu aka sayar wa kirfa a ƙullin leda, jama'a!

Ni a sakandare na tsaya, amma na bi diddigin maganar, kuma tana da tushe. A 2003 an gwada kirfa a kan masu ciwon sukari 60 a Peshawar ta Pakistan, giram 1 zuwa 6 kullum har kwana 40. Sukarinsu ya sauka da kashi 18 zuwa 29 cikin ɗari, mugun kitsen jini ma ya ragu. To amma abin da mai lasifika ba zai faɗa ba, mutanen nan duk suna shan maganinsu na asibiti, ba wanda ya ajiye. A 2012 kuma masana na Cochrane suka tattara gwaji 10 na mutum 577, suka ce babu isasshiyar hujja.

Wata kuma. Kirfa mai kauri da ta cika kasuwanninmu tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke taɓa hanta. Ta Siri Lanka mai laushi ce ke da kaɗan, ita kuwa tsada gare ta.

Mu da muka baro gida muka zo nema, in uba ya kwanta, wa zai buɗe shago? Wa zai aika wa na gida? Don Allah ku duba ledar maganin iyayenku yau.

Baba ya koma kan ƙwayarsa, kirfa kuma sai ɗan kaɗan a shayi. Shi kuwa mai lasifika jiya ma na gan shi a Nyanya, tsofaffi sun yi layi.